Gara Mutuwa da Ƙarya: Yadda Rumbun Bayanai Ya Koyi Faɗuwa

Akwai wani saƙo da duk wanda ya daɗe yana aiki da rumbun bayanai na Oracle ya san shi kamar yunwar cikinsa: ORA-03113. A tsakiyar aiki yake bayyana. Ma'aikaci ya rubuta tambayarsa a allo, a ce jimlar bashin da kamfani ke bin kwastomomi a ƙarshen wata yake nema, ya danna, ya zauna yana jira, sai lambar nan ta fito a maimakon amsa. Ma'anarta ba ta wuce cewa ɗaya ɓangaren ya yi shiru ba. Hanyar da ke tsakanin manhajar da ke gabansa da babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan, wato saba, ta yanke. Saƙon bai faɗi wanda ya yanke ta ba, balle dalili. PostgreSQL ma yana da nasa mai kama da wannan, inda yake cewa saba ta rufe hanya ba zato ba tsammani.

Tambaya biyu ke tasowa a wannan lokaci. Ta farko ta mai gyara ce: me ya mutu, kuma me ya kashe shi? Ta biyu ta mai kamfani ce, kuma ta fi nauyi: idan aikin da ya yanke na taɓa lissafi ne, alal misali cire kuɗi daga wani asusu a zuba a wani, a ina ya tsaya? An cire ba a zuba ba? A yau, a kusan kowane rumbu na kirki, amsar ita ce babu abin da ya lalace. Ko dai aikin ya kammala gaba ɗaya, ko kuma ya zama kamar ba a taɓa fara shi ba. Injiniyoyi sun shafe sama da shekara 20 kafin su sami wannan tabbaci, kuma hanyar da suka bi ta saɓa wa abin da hankali zai fara kawowa. Sun haƙura da fafutukar hana manhaja mutuwa, suka koya mata ta mutu da wuri.

Kafin a fara hira da kwamfuta

A shekarun 1950 da farkon 1960 babu wani abu mai suna zaman tambaya. Kamfani kan tara aikin yini a katunan da aka huhhuda, da dare a loda su, kwamfuta ta karanta tsohon tef na lissafi tare da sababbin katunan, ta rubuta sabon tef. Idan ta tsaya a tsakiya, asarar ta lokaci ce kawai, domin tsohon tef yana nan ba a taɓa shi ba; sai a koma farko. Ma'aikatan zamanin kan ajiye tef na jiya da na shekaranjiya, suna kiran su uba da kaka, na yau kuwa ɗa.

Abin da mai gyara kan samu a hannunsa shi ne juyen ƙwaƙwalwa. Injin buga takarda zai zayyana duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar a daidai lokacin da ta tsaya, shafi bayan shafi na lambobi zalla, shi kuma ya bi su da fensir. Ƙwaƙwalwar wancan zamani an yi ta ne da 'yan mitsi-mitsin zobba na maganaɗisu da aka saƙa a waya, irin waɗanda aka ɗora wa kwamfutar Whirlwind ta jami'ar MIT a 1953. Zobban sun ɓace tun a shekarun 1970, amma sunansu na Ingilishi, core, ya zauna daram: har gobe da shi ake kiran fayil ɗin da manhaja ke bari idan ta faɗi a kan Unix ko Linux.

Sauƙin nan na komawa ga tsohon tef ya ƙare ne ranar da aka fara sauya bayanai nan take, a inda suke ajiye. SABRE, tsarin sayar da kujerun jirgi da IBM ya gina wa American Airlines, ya kammala a 1964, kuma masu sayar da tikiti a birane daban-daban suna taɓa kujera ɗaya a lokaci guda. A 1968 aka kunna IMS, rumbun da IBM ya gina domin bin diddigin kayayyakin haɗa kumbon Apollo. A irin waɗannan tsare-tsare babu tsoho da sabo, kwafi ɗaya ne, kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta shi, abin da ya rage kan zama rabi jiya rabi yau.

Duk da haka ma'aikacin SABRE ba ya iya tambayar abin da ya ga dama. Ayyuka ne ƙididdigaggu waɗanda masu rubuta manhaja suka tsara kuma suka gwada tun da farko. Ƙofar ta buɗe ne da maƙalar da Edgar Codd, ɗan Ingila da ke aiki a cibiyar binciken IBM ta San Jose, ya wallafa a watan Yuni na 1970. Codd ya ce a ajiye bayanai a jadawali mai layi da ginshiƙi, mai tambaya ya faɗi abin da yake so kawai, manhaja ta nemo hanyar samo shi. A 1974 Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fitar da harshen yin hakan, SEQUEL, wanda daga baya aka taƙaita sunansa zuwa SQL saboda wani kamfanin ƙera jirage na Ingila, Hawker Siddeley, ya riga ya mallaki sunan farko. A jami'ar Berkeley kuma Michael Stonebraker da Eugene Wong suna gina Ingres, wanda ya zo da allon da mutum ke rubuta tambaya ya ga amsa. Oracle ya shiga kasuwa a 1979 da nasa allon, UFI, kakan SQL*Plus na yau.

Daga nan akanta ko manajan shago ya sami ikon yi wa rumbu tambayar da babu wanda ya taɓa yi masa, kuma a nan sabuwar matsala ta samo asali. Tambayar da ba a taɓa yi ba takan bi ta wani lungu na manhaja wanda ba a taɓa gwadawa ba. Mantuwa ƙarama takan haifi dodo: wanda ya haɗa jadawali biyu masu layi 10,000 kowanne, ya manta da sharaɗin da ke ɗaure su, ya nemi amsa mai layi miliyan 100 ke nan bai sani ba. Wani kuma ya fara gyara, ya riƙe makullin jadawali, ya tashi ya tafi cin abinci, sauran ma'aikata su yi ta jira. Kasuwa kuwa ba ta jira a gama tanadin kariya ba. Oracle na 1979 ba shi da hanyar tabbatar da aiki ko soke shi a dunƙule. Sai a fitowa ta uku, a 1983, aka sa masa.

Ciniki ya faɗa, ko an fasa

Mutumin da sunansa ya fi haɗuwa da maganin wannan matsala shi ne Jim Gray, haifaffen San Francisco a 1944, wanda ya yi digirinsa na uku a Berkeley kafin ya shiga tawagar da ta gina System R, rumbun gwaji na IBM, a shekarun 1970. Tunanin da ya yi wa hidima tsawon rayuwarsa daga dokar kwangila ya aro shi, kuma ɗan kasuwar Kantin Kwari ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kai. Ana iya shafe awa ana tayi, ana sauke kaya ana mayarwa, amma akwai lokaci ɗaya da ake cewa ciniki ya faɗa. Kafin wannan lokaci kowa na iya fasawa, kaya su koma kanta, kuɗi su koma aljihu. Bayansa kuwa babu ja da baya. Babu wani matsayi na uku da ake kira rabin ciniki.

Yadda ake tilasta wa inji ya bi wannan ƙa'ida shi ne kundin ciniki. Kafin rumbu ya taɓa ainihin bayanan da ke kan faifai, sai ya fara rubuta a kundi cewa zai sauya kaza, daga kaza zuwa kaza. Ba ya kuma ce wa mai aiki an gama sai layin da ke cewa ciniki ya faɗa ya zauna a kan faifai. Idan aka mutu a tsakiya, wanda ya farka sai ya buɗe kundi. Cinikin da aka rubuta ya faɗa, a ƙarasa shi ko da bayanansa ba su kai faifai ba. Wanda ba a rubuta ba, a warware shi. System R ya haɗa kundin da wata dabara ta ajiye tsohon kwafin kowane shafi a gefe, amma a maƙalarsu ta 1981 Gray da abokansa sun amsa cewa ga manyan rumbuna da kundin kaɗai aka dogara da shi da ya fi.

A 1983 wasu Jamusawa biyu, Theo Härder da Andreas Reuter, suka dunƙule sharuɗɗan ciniki a haruffa huɗu, ACID, waɗanda ɗaliban kwamfuta ke haddacewa har yau. A 1992 C. Mohan, ɗan Indiya da ke IBM, da abokan aikinsa huɗu suka wallafa ARIES, tsarin farfaɗowa da DB2 da SQL Server da wasu da dama suka ginu a kansa. Abin sha'awa a ARIES shi ne ba ya gaggawar gyara. Yana fara karanta kundi don ya san halin da aka mutu a ciki. Sannan ya maimaita komai, har da ayyukan cinikin da bai faɗa ba, sai rumbu ya koma daidai yadda yake a daƙiƙar mutuwa. Daga nan ne yake warware waɗanda ba su kammala ba, kuma warwarewar ma yana rubuta ta a kundi, ta yadda idan wuta ta sake ɗaukewa ana tsakiyar farfaɗowa, ba za a warware abu ɗaya sau biyu ba.

Mai karatu da aka taɓa cire wa kuɗi a POS alhali mai shago bai gani ba yana da haƙƙin ya yi tsaki a nan. Sai dai alkawarin ciniki a cikin rumbu ɗaya yake da ƙarfi. Kuɗin da zai tashi daga wani banki zuwa wani yana ratsa rumbuna da dama mallakar kamfanoni daban-daban, kowanne da kundinsa, kuma idan saƙo ya ɓace a tsakaninsu, kowane kundi gaskiyar abin da ya gani yake faɗa. Daidaita su shi ne aikin da ke cin kwanaki kafin kuɗi su dawo.

Ƙidayar gawawwaki a Tandem

A 1980 Gray ya koma Tandem, kamfanin da Jimmy Treybig ya kafa a Kalifoniya a 1974 domin ƙera kwamfutocin da ba sa tsayawa, waɗanda bankuna da kasuwannin hannun jari ke saye. Komai a cikinsu biyu-biyu ne, idan ɗaya ya lalace ɗayan ya ɗauka. Amma duk da haka sukan tsaya jefi-jefi, kuma Gray ya yi abin da ba a saba yi ba a lokacin: ya tattara rahotannin tsayawar ya ƙirga su. Rahoton da ya fitar a 1985, wanda takensa ke tambayar me ya sa kwamfutoci ke tsayawa kuma me za a yi a kai, ya duba na'urori sama da 2,000 a tsawon wata bakwai, ya sami tsayawa 166.

Sakamakon bai yi wa masu ƙera inji daɗi ba, domin ya nuna sun magance ƙaramar matsala ne. Bayan ya ware tsayawar da ke faruwa a sababbin kayan da ba su gama zama ba, lalacewar ƙarfe da waya ta ɗauki kashi 18 cikin 100 kacal. Manhaja ta ɗauki kashi 25. Kaso mafi girma, kashi 42, na masu kula da na'urorin ne: mai gyara da ya zare abin da bai kamata ba, mai aiki da ya ba da umarnin kuskure, saitin da aka yi a karkace. Gray ya kuma lura cewa adadin na iya fin haka, tun da mutum ba ya gaggawar rubuta rahoto a kan kansa. Da ya sake ƙidayar a 1990, ƙarfe ya ƙara inganta, manhaja ta zama sanadin fiye da rabin tsayawar.

Ɓangaren rahoton da ya fi shafar mai binciken zaman da ya mutu shi ne inda Gray ya raba aibin manhaja gida biyu, da sunayen masana kimiyyar lissafin halitta biyu. Bohrbug, daga Niels Bohr, aibi ne mai tsayawa wuri ɗaya: duk lokacin da aka maimaita tambayar sai ya kashe zaman. Heisenbug, daga Werner Heisenberg, shi ne wanda ke ɓacewa da zarar an zo duba shi, domin ya dogara ne ga haɗuwar abubuwa da ba kasafai suke haɗuwa ba, kamar ayyuka biyu su taɓa wuri ɗaya a daƙiƙa ɗaya, ko ƙwaƙwalwa ta cika a wani lokaci na musamman. Hujjar Gray ita ce manhajar da ta daɗe a hannun jama'a an riga an kakkaɓe mata yawancin aibobi irin na farko, waɗanda suka rage irin na biyu ne. Ya gwada wannan a kan manhajar da ke jera ayyukan buga takarda a na'urorin Tandem. Cikin faɗuwa 132, guda ɗaya ce kawai ta sake faruwa da aka maimaita aikin.

Wannan adadi ya ba da mutunci ga abin da injiniyoyi ke jin kunyar faɗa, wato a kashe a sake kunnawa. Idan mafi yawan aibobi ba sa dawowa, to hikima ita ce a gina manhaja ta riƙa binciken kanta, da zarar ta ga abin da bai yi daidai ba ta tsaya cak, kundi ya mayar da komai yadda yake, a sake gwadawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Manhajar da ta lallaɓa ta ci gaba da ƙwaƙwalwa gurɓatacciya za ta rubuta gurɓatar a faifai, daga faifai ta shiga kwafin ajiya, kuma ana iya yin watanni ba a gano ba.

Gray ya sami lambar yabo ta Turing a 1998. Ranar 28 ga Janairu, 2007, ya fita shi kaɗai a jirgin ruwansa daga San Francisco zuwa tsibiran Farallon don ya watsa tokar gawar mahaifiyarsa a teku, kuma ba a sake ganin sa ko jirgin ba, duk da dubban mutanen da suka zauna suna duba hotunan tauraron ɗan'adam a intanet.

Wa ya mutu?

Tambayar farko ta mai gyara a yau gado ce daga shekarun 1980, lokacin da aka raba manhajar tambaya da manhajar rumbu, ɗaya a tebur, ɗaya a ɗakin saba, da waya a tsakani. Tun daga nan waɗanda ake zargi uku ne, kuma kowanne yana barin irin sawunsa.

Idan manhajar tebur ce ta mutu, kundin rahoton saba ba zai nuna komai ba sai cewa abokin hira ya ɓace. Sanannen sanadi a nan shi ne girman amsa. psql, allon tambaya na PostgreSQL, bisa al'ada yana kwaso amsar gaba ɗaya ya zuba a ƙwaƙwalwarsa kafin ya nuna layi na farko, don haka tambayar nan mai layi miliyan 100 kwamfutar mai tambaya take shaƙewa, saba kuwa tana nan lafiya. Sai a 2006 aka ƙara masa saitin FETCH_COUNT da ke sa ya riƙa ɗebowa kaɗan-kaɗan.

Idan hanya ce, agogo ne ke tona asiri. Zaman da kullum ke mutuwa bayan daidai minti 30 ko awa ɗaya na shiru, da wuya a ce rumbu ne. Akwai wata na'urar tsaro a tsakani wadda ke share duk haɗin da bai yi motsi ba. Doguwar tambaya kuwa shiru ce a idon wannan na'ura, ko da saba tana can tana gumi. Akwai hanyar da ɓangarorin biyu ke ɗan taɓa juna don a san suna raye, amma ƙa'idar intanet ta 1989 ta ce kada tazarar da aka saita tun asali ta gaza awa biyu, kuma har yanzu daƙiƙa 7,200 ce a Linux matuƙar ba a sauya ba. Wata shawara da aka yanke lokacin da layin sadarwa ke da tsada tana nan tana kashe rahotannin ƙarshen wata.

Na uku shi ne saba kanta. A Oracle da PostgreSQL, kowane zama a al'ada yana da hadiminsa, wato wani reshe na manhajar rumbu da aka tayar don ya yi masa aiki shi kaɗai. ORA-03113 sau da yawa sanarwar rasuwar wannan hadimi ce, ainihin labarin kuma yana kundin rahoton saba: ORA-07445 idan babbar manhajar kwamfutar ce ta kama shi yana taɓa abin da ba nasa ba, ORA-00600 idan shi da kansa ya binciki lissafinsa ya ga bai daidaita ba ya tsaya. Wani hadimin na dabam, PMON, aikinsa ke nan ya bi bayan mamaci, ya sa a warware cinikinsa, a saki makullan da ya riƙe. PostgreSQL ya fi tsanani. Idan hadimi ɗaya ya faɗi ta hanyar da ba a tsara ba, babbansu yana katse dukan sauran zaman, ya share ƙwaƙwalwar da suke tarayya a kai, ya farfaɗo daga kundi. Dalilinsa shi ne babu wanda ya san abin da mamacin ya ɓata kafin ya faɗi. Ma'aikata 200 za su iya rasa zamansu saboda tambayar mutum ɗaya, kuma waɗanda suka tsara shi sun ga hakan ya fi araha.

Lambar siginar da ta kashe hadimin ma shaida ce. Sigina ta 11 na nufin ya taɓa ƙwaƙwalwar da ba tasa ba, wato aibi a manhaja, ko a wani ƙari da aka ɗora mata, ko lalacewar ƙarfe. A nan ne ake komawa ga juyen ƙwaƙwalwa, jikan takardun nan na fensir. Sigina ta 9 kuwa kisa ne daga waje, kuma a Linux mai kisan sau da yawa babbar manhajar ce da kanta, wadda idan ƙwaƙwalwa ta ƙare takan zaɓi wanda ya fi ci ta kashe. Bayan wannan sai tambayar Gray: idan aka maimaita, yana sake mutuwa? Idan yana yi, an yi sa'a, domin ana iya rage tambayar gaɓa-gaɓa har a kai ga layi ko shafin da ke kashe shi. Idan ba ya yi, aikin ya koma na haƙuri da tara shaida.

Kashi 42 bai tafi ko'ina ba

Daren 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan GitLab, kamfanin da ke ajiye wa masu rubuta manhaja ayyukansu, yana ƙoƙarin tayar da rumbu na biyu wanda ya daina bin na farko. Manhajar kwafi, pg_basebackup, idan ya kunna ta sai ta yi tsit, ba saƙo ba motsi. Daga baya aka gane jira take yi, kuma hakan ɗabi'arta ce, amma babu abin da ya gaya masa haka a allo. Ya yi zaton ragowar fayilolin yunƙurin baya ne ke tare ta, ya ba da umarnin share ma'ajiyar bayanan. A kan saba ta farko ya ba da shi. Kafin ya ankara ya tsayar, cikin kusan gigabait 300 abin da ya rage 4.5 ne.

Kundin ciniki ba shi da abin cewa a nan, tun da sharewar ta bayan rumbu aka bi. Da aka waiwayi kwafin ajiya sai aka tarar manhajar da ke yin sa ta daɗe tana faɗuwa, saboda ta fitowa ta 9.2 ce alhali rumbun na 9.6 ne, kuma wasiƙun da take aikawa na ƙorafi ana mayar da su ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin nan. Sun yi kusan awa 18 suna mayarwa, suna nuna aikin kai tsaye a YouTube, kuma bayanan awa shidan sun tafi, ciki har da ayyuka kusan 5,000 da sababbin asusu kusan 700. Kamfanin ya cancanci yabo da bai ɗora wa mutum ɗaya laifi ba. Manhaja biyu ne suka gaza a labarin, ɗaya ta yi shiru tana raye, ɗaya ta mutu ba wanda ya ji, kuma da kowacce ta yi ƙara da ba a kai ga umarnin sharewa da asarar ba.

Shekara guda bayan haka, a 2018, masu aikin PostgreSQL suka gano ɓaraka a ƙarƙashin ginshiƙin da komai ya dogara a kai. Alkawarin kundi yana bukatar rumbu ya iya tambayar babbar manhaja ko abin da aka rubuta ya zauna a faifai da gaske, kuma umarnin da ake yin wannan tambaya da shi ana kiran sa fsync. Idan amsa ta zo cewa an sami matsala, PostgreSQL kan jira ya sake tambaya. Ashe a Linux, bayan gazawar farko, ana iya ɗaukar shafukan da ba su rubutu ba a matsayin waɗanda aka gama da su, tambaya ta biyu kuma ta dawo da cewa lafiya lau. Rumbu sai ya gaskata, ya yar da tsohon kundin da zai iya ceton sa, bayanan su ɓace babu saƙo ko ɗaya. Kusan shekara 20 ana tafiya a haka. Abin da ya rufa asiri shi ne faifai ba kasafai yake gazawa ta wannan hanya ba.

An yi ta muhawara a kan ko laifin Linux ne ko na rumbu, kuma Linux ta gyara wasu ɓangarorin yadda take kai rahoton gazawar. Amma gyaran da PostgreSQL ya fitar a watan Fabrairu na 2019 bai jira kowa ba. Yanzu idan fsync ya gaza sau ɗaya, rumbun ba ya sake tambaya. Yana kashe kansa nan take da dukan zaman da ke kansa, ya tashi, ya sake rubuta komai daga kundi. MySQL da MongoDB su ma sun yi irin wannan gyara. An bar wani saiti mai suna data_sync_retry ga wanda ya tabbata babbar manhajarsa ba ta da wannan hali kuma yake son tsohuwar ɗabi'a, amma a kashe yake zuwa.